Usur a Bakin Andrawus

A Kanyar Dutse, wani ƙauye can cikin Randagi inda mota ba ta zuwa sai babur, ba a fara aikin gona sai Andrawus ya hau dutse. Shekara huɗu ke nan haka ake yi. Mutane su fito da lauje da buhuna su tsaya a bakin gari, shi kuma ya wuce gaba yana jan ƙafarsa ta hagu, ya kama hawa a hankali, yana hutawa sau biyu a hanya. In ya kai can sama sai ya zauna, ya duba hanyar rafi, ya duba bakin daji, ya sake dubawa, sannan ya ɗaga hularsa. To a lokacin ne kowa zai nufi gonarsa. In ya hango baburan mutanen daji sai ya busa usur, kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya yi ta kansa. Aikin ke nan, tun hantsi har la'asar. In kaka ta yi, kowane gida ya kawo masa dami ɗaya na dawa, shi da matarsa Talatu su ci har shekara ta zagayo.

Ba da wannan aikin ya taso ba. Ubansa maharbi ne, shi ya koya masa kallon daji: inda tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, inda birai suka yi shiru, yadda tafiyar shanu ta bambanta da tafiyar abin da ba shanu ba. Da ya zama saurayi sai ya koma lodin gungume a bakin titi. Wata rana gungume ya suɓuce wa mutum huɗu, ya sauka a kan ƙafarsa. Kowa ya ce tsautsayi ne. A kwance yana jinya ya san kalmar da kyau, don Hausar tasa ta tasha ce da kasuwa, a gida yarensu suke yi. Ya lura tsautsayi kalma ce mai daɗin faɗi a bakin mai lafiya, ba ta nuna kowa da yatsa. Mutum huɗun nan suka zo suka duba shi, suka ce sannu, suka ce tsautsayi ne, kowa ya koma gida da ƙafafunsa biyu.

Daga nan ya yi gadin makarantar firamare shekara goma sha wani abu. Da hanya ta lalace malamai suka daina zuwa, malamin wasanni ya manta usur ɗinsa rataye a ƙusa. Shi ne wannan usur ɗin, na ƙarfe, da ɗan ƙwallo a ciki.

Abin da kowa ya san Andrawus da shi shi ne, usur ɗin ba ya rabuwa da bakinsa. Ba a aljihu ba, ba a wuya ba. A baki, tsakanin haƙora, wuni guda. Har suna aka sa masa, Baba Rafali. Ko goro ba ya ci a kan dutse. Ruwa ma in zai sha, sai ya gama duba ko'ina, ya cire, ya kurɓa, ya mayar. Talatu ta ce haƙoransa biyu na gaba sun ci rami saboda ƙarfen. Ana yi masa dariya, yana dariya, ba wanda ya taɓa zama ya tambaye shi dalili.

Ranar da abin ya faru, ƙarshen girbi ne. Yanzu ba a barin dawa ta kwana a gona, a nan ake sussuka a sheƙe a ɗura a buhu a kai gida kafin rana ta faɗi. A gindin dutsen akwai falale mai faɗi, nan mata suke shiƙa. Cikinsu akwai Bara'atu, maƙwabciyar su Andrawus ta katanga ɗaya, matar Bakoji da mutanen daji suka ɗauke a gonarsa shekara uku da suka wuce, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta ɗaga ƙwarya sama tana zuba, iska na kwashe ƙaiƙayi. Sai iskar ta juya. Ta ɗebi ƙaiƙayin nan ta hau dutse da shi, kai tsaye hancin Andrawus.

Ya ji abin yana zuwa. Ya kai hannu zai cire usur ɗin. Atishawa ta riga hannun.

Ƙarar da ta fita, wallahi ko da niyya bai taɓa busa mai ƙarfinta ba.

Ya miƙe yana ihu, "Ba kowa! Ku tsaya, ba kowa!" Yana kaɗa hula. Wa zai gani? Shi da bakinsa ya koya musu cewa in sun ji usur kada wanda ya waiwaya. Kuma sun koya. Yana tsaye yana kallon gari guda na gudu saboda hancinsa. Mata da goyo, tsofaffi suna faɗuwa suna tashi, jaki ya tsinke igiya ya bi ta cikin dawar da aka baza, wani ya hau babur ya manta da matarsa. Ya ga Bara'atu ta yanka ta gajeriyar hanya, ta wajen kwazazzabo. Ya ga ta kai baki. Bai ga ta fito ta ɗaya gefen ba.

Kafin ya sauko, masu ƙarfin hali sun fara dawowa. An ciro Bara'atu, ƙafar dama ta karye a ƙwauri. Abarshi, sarkin noman garin kuma wan Bakoji, shi ya tare shi a gindin dutse yana haki.

"Su nawa ne? Ta ina suka ɓullo?"

Nan fa akwai hanya a buɗe. Da ya ce shanu ya hango daga nesa ya ɗauka babura ne, da an ce kuskure ne, kuskuren ido. Irin wannan kuskuren ba a riƙe mai gadi da shi, har yaba masa ake, a ce gara ya busa babu kowa da ya yi shiru akwai. Andrawus ya san haka sarai. Ya dubi Abarshi, ya dubi inda ake ɗora Bara'atu a kan babur tana cije zani.

"Ba kowa, Sarki. Atishawa na yi."

Abarshi ya dube shi. "Atishawa."

"Atishawa."

Washegari bayan azahar aka taru a ƙarƙashin kanyar ƙofar gidan Abarshi. Ba wanda ya je gona. Andrawus na zaune a kan turmi, usur a hannu, bakinsa sai yake ji kamar an cire masa haƙori.

Abarshi ya ce, "Jama'a, ba shari'a muka zo yi ba. Suna kawai za mu sa wa abin nan. In tsautsayi ne, mu ce Allah ya kiyaye gaba, Andrawus ya koma dutse gobe, dawarmu na zube a ƙasa. In kuwa sakaci ne, ya ajiye usur mu nemi wani."

Wani dattijo ya ce tsautsayi ne mana, wa ke hana atishawa? Wani ya ce a'a, kuskure dai, tsautsayi ai faɗo wa mutum yake yi, wannan kuwa daga jikinsa ya fito. Wani daga baya ya ce arashi aka yi, iska da hanci da usur suka gamu a wuri ɗaya, aka ɗan yi dariya. Wani ya ce ƙaddara, in an kai nan kuwa ba mai son ya zama shi ne ya ja.

Suhaibu ne ya ja. Ɗan Bara'atu na fari, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya kwana ya wuni a kan uwarsa ana ɗori tana kiran sunan Allah. Ya miƙe.

"Ƙaddara dai, Baffa, ba mu musa ba. Amma ni tambaya ɗaya gare ni. Mutumin da ya san yana da hanci, ya san ana shiƙa a ƙarƙashinsa, ya san in abin nan ya yi ƙara gari guda zai watse, ya ɗauka ya sa a baki tun safe har yamma kamar jariri da nono, wannan me sunansa? Wannan ba tsautsayi ba ne. Ganganci ne. Baba Andrawus, ka faɗa da bakinka, ganganci ne ko ba ganganci ba?"

Andrawus bai yi barci ba, kansa na sarawa. Kuma a ransa ya yarda da yaron. Ya san abin zai iya faruwa wata rana, ya sha tunaninsa. Ya ga gara ya karɓa kowa ya huta. Sai ya ɗaga kai ya ce,

"Suhaibu ya faɗi gaskiya. Da gangan na yi."



"Me ka ce?" in ji Abarshi.

"Na ce da gangan ne. Ba zan ɓoye ba."

Sai hayaniya ta tashi. Mutum biyu suka riƙe Suhaibu. Andrawus yana ta kallon fuskoki, ya kasa gane me ya ƙara musu zafi, shi da ya amsa laifi. Abarshi ya miƙo hannu, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kawo usur ɗin. Tashi ka tafi gida, kada ka tsaya ko'ina."

Talatu na tankaɗe ya shigo. Ita ta fi shi Hausa nesa ba kusa ba, shekara talatin tana sayar da daddawa a kasuwa. Ya ba ta labari da yarensu, da ya zo wurin sai ya faɗi kalmar da Hausa yadda ya faɗe ta. Ta ajiye rariya.

"Sake faɗa."

Ya sake.

"Wayyo ni. Baban Mercy, ka san abin da ka gaya wa mutane kuwa?"

"Abin da yaron ya ce, shi na ce."

"Ba shi ka ce ba! Shi ganganci ya ce, kai ka ce gangan."

"To ba ɗaya ba ne? Wannan doguwa, wannan gajeriya."

Ta zauna a ƙasa, ta dafa kai. "Ganganci shi ne ka zaunar da jikanka a bakin rijiya ka juya kana hira. Ba ka so ya faɗa, amma ka san zai iya. Gangan kuwa shi ne ka tura shi."

Shekara hamsin Andrawus yana Hausa. Ya yi ciniki da ita, ya yi faɗa da ita, ya yi zaman makoki da ita. Duk shekarun nan in ya ce da gangan yana nufin ganganci, mutane suna gyarawa a ransu su wuce, ba wanda ya ga amfanin tsayar da shi, don ba a taɓa yin ranar da bambancin ya zama abin tsoro ba.

"Ɗan 'ci' ɗin nan da ka yar," in ji Talatu, "shi zai kore mu daga garin nan."

Ba ta yi ƙarya ba. Ashe wani ya danna waya ya ɗauki murya a wurin taron. Kafin magariba an hau tudun da ake samun sabis an tura. Daƙiƙa tara ce, ba tambayar Suhaibu a ciki, ba atishawa, ba komai, muryar tsoho kawai yana cewa da gangan ne, ba zan ɓoye ba. Mutanen da ba su san inda Randagi take ba suka yi ta turawa suna Allah ya isa. Wani ya rubuta a ƙasa wai mai gadi ya watsa manoma don a zo a kwashe amfanin gona, alhali ko mudu ɗaya bai ɓata ba. Wani ya rubuta kalma ɗaya, infoma, wato mai kai wa mutanen daji labari. Duk wanda ya zauna a yankin nan ya san abin da kalmar nan take jawo wa mutum, kuma ba a jiran shaida.

Mercy, 'yarsu da ke aure a Kaduna, ta kira tana kuka. Har can ta ji. "Baba, ku taho kawai. Ku bar kayan, ku taho."

"In zo in yi me? In hau bene in duba motoci?"

"Baba, ba wasa nake ba."

"Na sani," ya ce. Ya miƙa wa Talatu wayar.

Kwana uku bai fita ba. Dutsen ma kwana uku ba kowa a kai. Abarshi ya bi gida-gida, kowa ya ce shi idonsa ba kyau, ko gonarsa na jira. Gaskiyar ita ce ba mai son ya zama shi ne zai busa, ko shi ne zai kasa busawa. Dawa na zube a falale, awaki da tsuntsaye na biki. Ta katanga Andrawus yana jin nishin Bara'atu in ana juya ta. A da in Talatu ta yi miya sai ta miƙa kwano ta saman katangar nan, in an yi sallah kwano ya dawo da nama. Kwana ukun nan ba abin da ya haura.

Rana ta huɗu da safe ya sa hula.

"Ina za ka?"

"Duba maras lafiya."

"Suhaibu na ciki fa."

"Ai gidansu ne."

Ta harare shi, ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙwai shida a ƙwarya, ta wuce gabansa.

Bara'atu na kwance a rumfa, ƙafar ɗaure da karare da tsumma, ta kumbura har yatsu. Abarshi na zaune a kan tabarma, ya zo gaisuwar safe. Suhaibu na tsaye jikin rumbu, da ya ga wanda ya yi sallama sai ya juya baya.

"A'a, Baba Rafali," in ji Bara'atu, murya a dishe. "Ina usur? Bakinka ya yi wani iri babu shi."

"Sannu, Maman Suhaibu. Ya jiki?"

"Jiki ga shi nan, rabi nawa rabi na mai ɗori. Talatu, ajiye ƙwan nan nesa da Suhaibu. Zauna mana, Baban Mercy, kai da ƙafa ɗaya ni da ƙafa ɗaya, wa zai tsaya wa wani?"

Ya zauna a bakin rumfa, ya cire hula ya riƙe. Ya ce ya zo ne ya gyara magana. Ya ce shi ganganci ya so faɗa, Hausa ta kuɓuce masa.

"Yanzu ka ce haka," Suhaibu ya faɗa ba tare da ya juyo ba. "Da ka ga wuta."

"Kai, rufe mana baki," in ji uwar. "Mutumin da shekara ashirin yake ce wa tsohuwa tsofuwa, yake ce wa mijina 'ita', shi za ka kama da Hausa? Ni tun ranar da aka kawo mini labari na san abin da ya faru. Ciwo ne ya hana ni dariya."

Abarshi ya yi gyaran murya. "To an ji, ba gangan ba ne. Wannan zan faɗa wa mutane. Amma gangancin fa yana nan, Andrawus. Don me usur zai zauna a bakinka? Aljihu me ya yi?"

Talatu ta dubi mijinta, ta girgiza kai kaɗan. Ita kaɗai ta sani. Ya ga girgizawar, ya kawar da kai.

"A aljihu yake da," ya ce. "Ranar Bakoji a aljihu yake."

Suhaibu ya juyo.

"Na hango su tun suna tsallaka rafi. Da wuri na gan su, Sarki, ban makara da ido ba. Na sa hannu a aljihu, hannun yana rawa. Na ciro shi, ya suɓuce, ya faɗa tsagin dutse. Na kwanta ina lalube. Ina ganinsa, yatsana ba ya kaiwa. Sai da na karyo tsinke na jawo shi. Kafin in busa sun riga sun shigo gonakin bakin daji. Gonar Bakoji ce ta farko." Ya juya hular a hannunsa. "Aka ce ƙaddara. Na yi shiru, na bar ta a ƙaddara. Tun ranar ban ƙara yarda da hannuna ba."

Kaza ta zo tana leƙen ƙwaryar ƙwai, Talatu ta kore ta da ƙafa. Suhaibu ya bi ta zaure ya fice. Aka ji ya tsaya a waje, bai yi nisa ba.

Bara'atu na kallon rufin rumfa. Da ta yi magana, muryar ba wasa a ciki.

"Na san ya makara. Duk wanda ke gona ranar ya san ya makara, ƙarar babur muka fara ji kafin usur. Ban dai san dalili ba. Na ɗauka gyangyaɗi ka yi."

"Ban yi ba."

"To, yau na sani."

Ta nemi a ɗaga ta, Talatu ta tallafe ta ta jingina da ginshiƙi. Ta huta tukuna, sannan ta dubi Abarshi.

"Yaya, kun zauna gari guda kuna neman suna, ni da ƙafar ba a tambaye ni ba. To bari in raba muku. Tsautsayi nawa ne, kada wanda ya ƙwace mini. Ni na faɗa rami. Shi ba abin da ya faɗo masa. Sakaci kuma na mai barci ne da mai hira, wannan mutumin shekara uku ko goro bai tauna a kan dutse ba. In ganganci kuke nema, wa ta kafa shiƙa a gindin dutse tana ganin iska na wasa? Ni ce, da duk matan da ke wurin. Ƙaiƙayin da ya shiga hancinsa na dawata ne."

"To me za mu kira shi?" in ji Abarshi. "Dole in fita da kalma, mutane na jira."

"Suɓutar baki."

"Inna," muryar Suhaibu ta shigo daga zaure, "suɓutar baki magana ce. Ba a cewa usur suɓutar baki."

"Usur ɗin a ina yake, a kunne? A baki yake, ya suɓuce. Washegari Hausa ta suɓuce a bakin nan dai. Suɓutar baki sau biyu, Yaya, je ka faɗa musu haka. Wanda bakinsa bai taɓa suɓucewa ba ya zo ya karɓi usur ya hau dutse, ina nan kwance ina jiransa."

Abarshi ya yi 'yar dariya ta hanci, irin ta wanda ya gaji. Ya ce kalmar ba ta zauna daidai ba, amma ta fi sauran zama.

Andrawus bai tashi ba. Yana ta murza bakin hula.

"Maman Suhaibu. Na ranar Bakoji fa? Shi me sunansa?"

Ta gyara zaninta a kan ƙafar mai lafiya.

"Wannan ban samo masa suna ba tukuna. Ka bar shi a wurina."

Da yamma Abarshi ya tara mutane ya faɗa musu. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce to. Ya sa aka ɗauki muryarsa yana bayani tiryan-tiryan, minti huɗu, aka hau tudu aka tura. Wancan mai daƙiƙa tara ya zaga har Legas. Wannan ko Kuyello da ke nan kusa ban jin ya kai. Har yau akwai masu tura na farkon.

Aka kuma sa sabuwar doka: busa ɗaya ba gudu ba ne, sai an ji uku a jere. Shiƙa kuma ta koma can gefen rafi. Andrawus ya ce uku ta fi ɗaya daɗewa, numfashi biyu ne a tsakani, kuma ya san abin da numfashi biyu ke ci. Abarshi ya ce ya sani, amma abin da mutane suka yarda da shi ke nan, in ba haka ba wasu sun ce ko ya busa ba za su motsa ba. Ya ciro usur daga aljihu ya miƙa masa. Suhaibu na wurin. Bai ce a ba shi ba, bai ce kada a ba shi ba. Har yanzu in sun gamu a hanya gaisuwa ce kawai, ita ma a taƙaice.

Washegari Talatu ta zura wa usur ɗin igiya ta rataya masa a wuya, ta ɗaure da ƙulli uku.

"Ga shi nan a ƙirjinka. Ba zai faɗi ba, ba kuma sai ka cije shi ba. Ka ji ni?"

"Na ji."

Ya wuce mutane a bakin gari. Ba wanda ya ce Baba Rafali. Ya hau, ya huta sau biyu, yau har da na uku. A sama ya zauna inda ya saba, dutsen har ya yi santsi a wurin. Ya duba hanyar rafi. Ya duba bakin daji, inda gonar Bakoji ta koma sabara. Ya sake dubawa. Ya ɗaga hula.

Suka ɗan jima kafin su motsa. Sannan ɗaya ya taka, sauran suka bi.

Ya bar usur ɗin a ƙirji kamar yadda aka ce. Can ya gwada: hannu daga gwiwa zuwa ƙirji, daga ƙirji zuwa baki. Ya sake gwadawa, da sauri. Ya dubi hannun, ba ya rawa, amma ranar Bakoji ma da safe ba ya rawa. Ya ɗauki usur ɗin ya mayar inda haƙora suka yi masa wuri.

Can gefen rafi mata sun fara shiƙa. Ya hango Talatu a cikinsu, dawar Bara'atu take sheƙewa, ƙaiƙayi na tafiya yamma. Wajen azahar ya ji hancinsa na motsi. Ya tofar da usur ɗin, igiya ta riƙe shi, ya danna fuska cikin hula ya yi atishawarsa sau biyu. Ba wanda ya ji. Ya share ido, ya mayar da usur baki, ya ci gaba da kallon daji.